Kalma Ɗaya da Kaka Ya Ƙi Faɗa

Bari in fara da laifina, domin in ban faɗa da bakina ba wani zai faɗa, kuma ba zai sassauta mini ba. Ni mutum ne da ba ya iya ba da labari yadda ya same shi. In na ga ɓera a hanya, kafin in iso gida ya zama gafiya, kafin a gama cin abinci ya fito da ƙaho. Shi ya sa kakana, mahaifin Mama, ya raɗa mini Rediyo. Wata Asabar a taron matasan ikilisiyarmu da ke garin Germantown, a nan ƙasar waje, muna cin shinkafa, na ba da labarin wani abu da na ga Kaka ya yi, na ƙara masa magana ɗaya da bai taɓa faɗa ba, don kawai a yi dariya. An kuwa yi, har wani ya ƙware. Wannan dariya ce ta buɗe hanyar da ta kai Kaka kujerar baya, inda ake zaunar da wanda ikilisiya ta sa ƙarƙashin horo. Ya yi wata goma sha huɗu a kanta, yana cikin horon kuma ya rasu. A dokar ikilisiyarmu, wanda ya mutu ƙarƙashin horo ba a shigar da gawarsa majami'a.

Kwana uku gidanmu bai rabu da mutane ba. Na so in ce takalman da ke bakin ƙofa sun kai dubu, amma na san da Kaka yana nan zai ce, "Rediyo, rage." To, suna dai da yawa. Matan zumunta na ikilisiya sun karɓe kicin daga hannun Mama, kuloli sun cika ko'ina. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan ta zauna a ƙasa kusa da kakata, wadda muke kira Iya, tana kuka tana cewa rigar sanyinta ta farko a ƙasar nan Kaka ne ya cire daga jikinsa ya ba ta a filin jirgi. Wani Alhaji likita, Bakano, ya taso tun daga Mitchellville, ya durƙusa gaban Iya.

"Mama, ya muka ji da haƙuri?"

"Da godiya, Alhaji."

"Shekara ashirin muna gardama da mutumin nan. Bai taɓa cewa na yi gaskiya ba, bai kuma taɓa fashin zuwa yi mini barka da Sallah ba. Allah ya ba ku haƙuri."

A lungun falo akwai wani tsoho da hularsa a kan gwiwa, an ajiye masa abinci har ya huce bai taɓa ba. Shi ne Baba Sakatare, sakataren majalisar dattawan ikilisiya, aminin Kaka tun suna samari. Mutane suna gaishe shi, amma ba wanda ya zauna kusa da shi.

Kowa yana yabon Kaka, kowa kuma yana kewaye tambaya ɗaya kamar rami a tsakiyar hanya. Ƙanwar Kaka ce ta faɗa cikinsa. Ta kira daga Jos, Mama ta buɗe muryar wayar don Iya ta ji. Tsohuwar ba ta san komai game da horon ba. Bayan ta gama kukanta sai ta ce, "To wace rana za a kai shi coci?"

Mama ta ce, "Gwaggo, za mu kira ki," ta kashe wayar. Baba Sakatare ya ɗauki hularsa ya juya ta, ya mayar kan gwiwa.

Ina rubuta wannan ne don kada nan gaba a ce wai akwai wani dattijo da ya mutu ƙarƙashin horo, a tsaya nan. Na yi wa kaina alkawarin ba zan sa masa magana a baki ba. Inda na ƙara gishiri a kan wani abu dabam, za ku gane.

Ina da shekara tara aka kawo ni daga Jos, kuma Kaka ne ya hana Hausata ta zube a hanya. Kowace safiya kafin motar makaranta ta iso sai na karanta masa Maganar Allah da Hausa, yana shan shayi yana gyara ni. In na amsa masa da Turanci sai ya waiga bayansa ya ce, "Iya, mun yi baƙo ne?" Shekara da shekaru ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta kafin ya ajiye aiki, kuma lokaci a wurinsa ba abin wasa ba ne. Yakan ce ƙarfe goma ƙarfe goma ne, ba ƙanen sha ɗaya ba. A tsakiyar hunturu yakan sa hular ulu, ya ɗora hular gida a kanta, ya fita kamar mai kai biyu.

A bayan gida yana da bokitai da ya shuka yakuwa da gauta, kuma yaƙinsa da kurege ya fi duk wani yaƙi da aka koya mana a makaranta tsawo. Yakan ce kuregen gida in ya gan ka zai gudu, na nan kuwa sai ya tsaya ya dube ka kamar kai ne ka shigo masa gona.

Tsakanina da shi wasan kaka da jika ne. In ya tarar da ni a kicin kusa da Iya sai ya ce, "Rediyo, ka bar mini matata."

"Tsoho, ai ta gaji da kai. Ni take so yanzu."

"Da wane sadaki? Ko gemu ba ka da shi."

Iya ta ce mu duka biyun mu fita mata daga kicin.

Abin da ya faru kafin zuwana, daga bakin Iya na ji shi. Mutum uku suka kafa ikilisiyarmu a falon wani ɗan ƙaramin gidan haya: Kaka, da Baba Sakatare, da wani mai murya da kowa yake kira Baba Mai Waƙa, su da matansu da 'ya'yansu. Da aka fara yawa suka kama hayar wani tsohon shago, inda muke har yau. Kaka ya fi su kyan rubutu, saboda haka shi ya rubuta dokokin ikilisiya a wani littafi mai shuɗin bango, yana tuno yadda ake yi a gida. Wanda aka sa ƙarƙashin horo zai zauna a kujerar baya. Ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ruwan inabin da masu bi suke karɓa a Lahadin farko ta wata, ba kuma zai jagoranci komai ba. In wa'adinsa ya cika zai tsaya gaban jama'a ya ce, "Na yi zunubi ga Allah da ikilisiyarsa, ku gafarta mini." Sannan dattawa su kama hannunsa su mayar da shi wurin zamansa.

Kaka yana alfahari da wannan tsari. Yakan ce, "Horo ba kora ba ne. Wanda aka kora yana waje. Wanda aka hora yana ciki, baya dai yake."

Wanda dokar ta fara kamawa a cikin manya shi ne Baba Mai Waƙa. Yara sun fara girma ba sa jin wa'azi, sai majalisa ta yanke a mayar da rabin sujada Turanci. Shi kaɗai ya ƙi. Lahadin farko da aka sanar da waƙar Turanci, ana ɗaga murya sai ya ta da ta Hausa a kanta, rabin jama'a suka bi shi, majami'a ta koma kamar kasuwa. Da aka yi masa magana a bakin ƙofa, ya kira sauran dattawan masu sayar da gado. Aka yanke masa wata shida, kuma Kaka ne ya karanta sanarwar. Lahadi ta gaba Baba Mai Waƙa ya zo, ya dubi kujerar, ya dubi Kaka, ya juya ya fita. Bayan shekara aka cire sunansa. Shekara goma sha ɗaya ba su ƙara magana ba.

Daga nan da idona na gani. Bara na sami takardar koyon tuƙi, Kaka ya zama malamina, ko in ce fasinjana mai shan azaba. Ina tafiya kamar kunkuru mai ciwon ƙafa, shi kuwa yana riƙe da ƙofa, ƙafarsa tana taka birkin da babu shi. Wata Lahadi bayan sujada na kai shi gidan wata mara lafiya ya ba ta Jibi, don shi ne dattijon da ke ɗaukar ɗan akwatin Jibi zuwa wurin waɗanda ba sa iya fitowa. Da muka fito sai ya ce, "Ba gida za mu ba. Fort Washington." 'Yar Baba Mai Waƙa ce ta kira shi, ta ce likitoci sun sallami mahaifinta ya koma gida, ba sauran abin da za su yi.

A babbar hanyar da ta kewaye birni akwai wata kwana da kana fitowa sai ka ga wani farin haikali mai dogayen hasumiyoyi ya taso daga cikin itatuwa. Kaka mai karance-karancen tarihi ne. Ya nuna shi da haɓa.

"Ka ga wancan? Waɗanda suka fara addinin masu haikalin nan ba su da yawa. Uku daga cikinsu suka sa hannu cewa su ne shaidu. Ka san abin da ya same su? Duka ukun sai da 'yan'uwansu suka zauna suka cire su. Biyu sun dawo daga baya, ɗaya ya mutu a waje."

"Me suka yi?"

"Kowa da nasa. Ni ba addininsu nake bi ba, ba ni zan yi musu shari'a ba. Amma duk inda mutum uku suka fara abu saboda Allah, ka ba su shekara goma, za ka tarar biyu sun zauna a kan na ukun. Dubi hanya, Rediyo."

Mun sami Baba Mai Waƙa kwance kusa da taga, ya rame har zoben hannunsa yana yawo a yatsa. Ya ɗaga ido ya ga Kaka.

"Mai dokoki. Wata sanarwar ka kawo?"

"Na zo in ga ko bakin nan yana nan."

"Shi kaɗai ya rage."

Kaka ya ja kujera. Suka yi hirar gida, da ta waɗanda suka riga su tafiya, da wani fasto da suka sani tun suna yara wanda yakan yi gyangyaɗi a tsakiyar addu'arsa. Can sai mara lafiyan ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ban ci Jibi ba. Cocin da nake zuwa a nan kowa suke ba, amma hannuna ba ya miƙuwa. Ku kuka hana ni, ku za ku ba ni."

Kaka ya ce, "Za ka faɗi kalmar?"

"Zagin da na yi muku na janye shi. Ban kyauta ba. Amma waƙa na yi wa Allah da harshen uwata. Ba zan kira ta zunubi ba."

Kaka ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya miƙo mini makullin mota ya ce in ɗauko akwatin. Ya yi addu'a, ya gutsura gurasa ya sa masa a baki, ya tallafo kansa ya ba shi ruwan inabin. A hanyar dawowa ko sau ɗaya bai taka birkinsa ba. Bayan kwana tara Baba Mai Waƙa ya rasu.

Abin da na gani ke nan. Ga kuma abin da na faɗa ranar Asabar ɗin nan, kwana shida bayan zuwanmu. Na ce Kaka ya shiga da akwatin a ƙarƙashin riga kamar ɗan fasa-ƙwauri. Na kwaikwayi tafiyarsa da muryarsa. Da na ga dariya ta kama, sai na ɗaga kofin lemona na ce, wai Kaka ya ce, "Doka? Ni na rubuta ta, ni na shanye ta da ruwan inabi." Jikar Baba Sakatare tana wurin. Ba ta yi da mugunta ba, ta je gida ne ta maimaita don a yi dariya. Kakanta bai yi dariya ba.

Mako guda bayan haka majalisar dattawa ta zauna bayan sujada, aka kira Kaka, aka kira ni. Baba Sakatare ya karanta maganar daga takarda, da muryar da ake karanta sanarwar mutuwa. Ban taɓa jin abin dariya ya yi muni haka ba. Na miƙe na ce ni na ƙaga ta.

Kaka ya ce, "Kun ji. Maganar ta jikana ce. Amma Jibin, ni na bayar."

Baba Sakatare ya cire tabarau. "Dattijo, me ya hana ka kira mu?"

"Da na kira, me za ku ce?"

"Za mu ce a zauna a duba."

"Yaushe?"

"Taron ƙarshen wata."

"Ran Talatar da ta wuce ya rasu."

Fasto, wanda saurayi ne a kansu kuma bai daɗe da zuwa ba, ya fara neman hanyar da za a tsaya a gargaɗi. Kaka ya katse shi. Ya ce a buɗe shuɗin littafin, akwai wurin da aka rubuta cewa dattijon da ya ba wanda aka cire Jibi, horonsa wata shida ne. Ya faɗa musu har shafin. Ya ajiye akwatin Jibi a kan tebur, ya sa hularsa, ya ce mini mu tafi.

Kujerar baya tana bakin ƙofa, kusa da inda ake rataye rigunan sanyi. Duk wanda ya shigo a hunturu, iskar da ya shigo da ita a kan mai zama wurin take sauka. Kaka ya riƙa riga kowa zuwa, ya zauna da rigarsa a jiki. Da farko mutane ba su san yadda za su wuce shi ba. Wasu su sunkuyar da kai, wasu su gaishe shi da sauri kamar masu sata. Ƙananan yara ne ba su san komai ba. Sun gano cewa akwai alawa a aljihunsa, sai bayan majami'a ya zama wurinsu. Ranar Jibi kuwa Baba Sakatare ne yake zagawa da tire. Yakan zo har layin da ke gaban Kaka, ya tsaya, ya juya. Kaka yakan sunkuyar da kai har ya wuce. Ni ina gaba da tawa gurasar a hannuna.

Da wata shida suka cika aka kira shi gaba. Matan zumunta sun dafa abinci, Mama ta sa sabon ɗinki. Kaka ya tsaya ya dubi jama'a ya ce, "Na yi laifi ga ikilisiya, ku gafarta mini." Ya tsaya nan.

Baba Sakatare ya matso ya ce a hankali, "Zunubi. Ga Allah da ikilisiyarsa."

"Na ji ka. Ai ni na rubuta."

"To faɗi mana, Dattijo."

Kaka ya juyo ga jama'a. "Laifi tsakanina da ku ne. Na karya dokarku ban tambaye ku ba, na kuma zauna inda kuka ce in zauna. Zunubi kuwa tsakanina da Allah ne. In na tsaya a nan na ce ba mai mutuwa gurasar Ubangiji zunubi ne, to yanzu ne zan yi zunubin, da bakina, a gabanku."

Ya taka a hankali ya koma kujerarsa. An ci abincin ranar, amma kamar ana cin magani.

Daga nan Baba Sakatare ya fara zuwa gidanmu kowace Alhamis da yamma, shuɗin littafin a hammata. Su zauna a baya cikin bokitan yakuwa, Iya ta kai musu shayi. Mutane suna ganinsa a matsayin wanda ya taurare, amma ni na ji abin da yake faɗa.

"Bari in kai wa majalisa a canza kalmar. A ce laifi. Shi ke nan, ka riga ka faɗa."

"A'a."

"Don me kuma?"

"Da wannan kalmar muka rufe wa Mai Waƙa ƙofa har ya mutu. Yau ta kama ni sai a goge ta? Ba a gyara doka ranar da ta kama mai ita."

"To ka faɗe ta."

"Ba zan faɗa ba."

"Ba za ka faɗa ba, ba za a canza ba. To me kake so, don Allah?"

"Ina so ka sha shayinka kafin ya huce."

Haka suka yi wata takwas. Wani lokaci su ɗaga murya har kuregen ya gudu, wani lokaci su zauna awa guda ba magana. Iya ta ce tun suna samari haka suke, bambancin kawai a da suna da haƙora.

Ni kuwa bakina ya mutu. A makaranta har aka tambaye ni ko ba ni da lafiya. Wata rana muna ba shukarsa ruwa na ce, "Kaka, da ban yi magana ba, da duk wannan bai faru ba."

Bai ɗago ba. "Da sun ji daga bakina a taron ƙarshen wata. Kana tsammani zan ɓoye? Kai dai ka riga ni, ka kuma sa mini gishiri."

"Ka yafe mini."

"Abin da ya fi ɓata mini rai, maganar da ka ƙaga ta fi tawa daɗi." Ya miƙo mini bokitin. "Na yafe. Bakinka ba mugun baki ba ne, Rediyo, kada ka rufe shi. Amma in ka sa wa mutum magana a baki, kai ka yi gaba, shi ne zai kwana da ita."

Ganye ya fara zuba lokacin da ya faɗi a kicin da safe, kofin shayi a hannunsa. Ya yi kwana huɗu a asibiti. Rabin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, amma idonsa yana bin kowa, kuma yana gyaɗa kai in Iya ta tambaye shi ko yana son ruwa. Rana ta uku da azahar Baba Sakatare ya zo tare da Fasto. Ya sunkuya kusa da kunnensa.

"Dattijo, ba sai ka yi magana ba. Zan karanta kalmar. Kai dai ka gyaɗa kai, in rubuta cewa ka faɗa. Ka ji? Saboda yaran nan."

Ya karanta. Muka tsaya muna kallon kan Kaka a kan matashi. Bai motsa ba, kamar an kafe shi da ƙusa. Idonsa yana kan amininsa, gefen bakinsa da bai shanye ba ya ɗan ɗaga. Baba Sakatare ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya kama hannunsa, ya zauna haka har ma'aikaciyar jinya ta ce lokacin ziyara ya ƙare. Washegari Kaka ya huta.

Kwana biyu bayan wayar ƙanwarsa, Mama ta nemi majalisa ta zauna. Ta ce mahaifinta ne ya ɗauko kujerun majami'ar nan da motarsa, shi ya yi fentin bangon, ba za a ce gawarsa ba ta da wuri a ciki ba. Fasto yana tare da ita. Dattawa biyu suka ce a ɗaga dokar sau ɗaya. Biyu suka ce in an ɗaga wa dattijo, me za a faɗa wa iyalin Baba Mai Waƙa da aka yi wa jana'iza a wani wuri? Saura Baba Sakatare, kuma ya ƙi ɗago kai.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce in zunubi ake nema, ni ina da shi. Na yi ƙarya a kan kakana, ga ni, zan faɗi kalmar a gaban kowa ranar Lahadi, a rubuta masa.

Baba Sakatare ya dube ni. "Zauna, jikana. Naka mun ji, mun kuma yafe tuntuni. Amma ba a tuba wa mutum."

Sai Iya ta yi magana. "Shekara hamsin da ɗaya ina tare da mutumin nan. A asibiti kun ce ya gyaɗa kai, yana iyawa, bai gyaɗa ba. Kun ce a canza masa kalmar, ya ce a'a. Yanzu da ba shi da bakin cewa a'a za ku ɗauke shi ku kai shi gaba? In kun shigar da shi, ko dai kun ce ya faɗi abin da bai faɗa ba, ko kun yi masa alfarmar da ya ƙi karɓa. Ku bar shi inda ya tsaya."

Mama ta ce, "Iya, mutane za su ce..."

"Su ce. Ni na san wanda na aura."

Baba Sakatare ya rufe littafin, ya rufe fuskarsa da hularsa. Ba a jefa ƙuri'a ba.

Har yau Mama tana ganin ba a kyauta ba, kuma ban iya ce mata ta yi kuskure ba. Ni ma wata rana ina ganin taurin kai ne kawai irin na tsofaffi, wata rana kuma in ga ban taɓa sanin mai gaskiya kamarsa ba. Ubangijin da ya fi mu sanin inda laifi ya ƙare zunubi ya fara, ya karɓi bawansa, ya ta'azantar da Iya, ya kuma riƙe mana bakunanmu.

Ba a shigar da shi majami'a ba. An yi sujadar jana'izarsa ranar Asabar a zauren gidan da ke shirya gawa, wurin ya cika har wasu suka tsaya a waje. Fasto ya yi wa'azi, Baba Sakatare yana cikin mutum shida da suka ɗauki akwatin gawar. Tun daga lokacin majalisa ta zauna sau biyu a kan batun kalmar, ba su daidaita ba. Tana nan a littafin yadda take.